Uwar da ke renon 'ya'yanta a gida ba zaman banza take yi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muka wayi gari muna raina aikin uwar da ta zauna gida tana renon 'ya'yanta, har ta kai ita kanta tana jin nauyin faɗin abin da take yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wata walimar saukar Alƙur'ani da na halarta a unguwar Arkilla. Kusa da ni akwai 'yar wata aminiyata, yarinya mai hankali wadda ta yi digirinta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana goye da jariri, wasu biyu kuma suna zaune a gefenta. Sai wata hajiya ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, ina kike aiki yanzu?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Hajiya ba na komai, ina dai gida." Hajiyar ta ce, "Ayya, Allah shi kawo," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje idan ɓarawo ya shiga masa. Alhali kuwa yaran nan biyu sun durƙusa har ƙasa sun gaishe mu da shigowarsu, tufafinsu fes, babban cikinsu bai wuce shekara bakwai ba amma da aka yi addu'a shi ma ya shafa tare da manya ba tare da an ce masa ya yi ba. Na yi ta juya kalmar nan ta "ba na komai" a raina har na koma gida, domin na san wannan ladabi da tsabta ba daga sama suka faɗo wa yaran ba.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a aji ɗaya da aji biyu na yi su, inda yaro yake zuwa da warin gida a jikinsa. A tsakiyar aikin na ajiye alli na zauna gida shekara tara, saboda ɗana na uku ya zo da laulayi, sannan na koma na ci gaba har na yi ritaya. Ke nan na ɗanɗana ɓangarorin biyu, kuma ina shaida wa duk mai karanta wannan wasiƙa cewa shekarun nan tara sun fi sauran wahala. Malamar makaranta tana da ƙararrawar tashi, tana da hutun zango, ana biyanta a ƙarshen wata ko da an yi jinkiri. Uwa kuwa tana tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta shirya masu tafiya boko, ta ɗora sanwar rana, ta karɓe su ta sake shirya su zuwa Islamiyya, idan dare ya yi kuma ita ce mai tashi ta taɓa goshin wanda ya kwanta da zazzaɓi. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 kuma babu wutar lantarki, ya san abin da ake nufi da kwana ana yi wa jariri fifita.

A aji, kafin mako biyu da fara zango, ina iya gane yaron da ake zama da shi ana yi masa magana a gida. Ba wai ya fi sauran ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ba lallai ne ya fito daga gidan masu hali ba, hasali ma sau da yawa ɗan mai sayar da ƙuli-ƙuli ne. Abin da ya bambanta shi shi ne yana da kalmomi a bakinsa, yana iya ba da labari daga farko har ƙarshe saboda an saba yi masa "ga ta nan ga ta nanku", ya san a saurara idan babba yana magana, kuma idan ya yi kuskure ba ya firgita kamar wanda bai taɓa jin gyara ba sai da bulala. Irin wannan yaro koya masa karatu ba ya wuya, domin an riga an share gonar, shuka kawai malami zai yi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ɗanyantakar nan kusan dukanta tana ƙarewa ne a cikin gida, kafin yaro ya taɓa ganin allon makaranta.

Likitoci ma abin da suke faɗi ke nan a nasu fannin. Suna yawan magana a kan kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, suna cewa abin da ya rasa na abinci da kulawa a wannan tsakani yana da wuyar ramawa daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Mu kuwa tun kafin wannan shawara muna karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. Ina tambaya, wa zai yi wannan aiki in ba uwar da take kusa ba? Allurar riga-kafi ana yin ta ranar haihuwa, a sake a mako shida, da mako goma, da mako goma sha huɗu, sannan ta ƙyanda a wata tara, kuma sai an sami mai riƙe katin tana ƙirga kwanaki. Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa ƙananan yara da damina, na ranar farko kaɗai ma'aikata suke bayarwa da hannunsu, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa. A nan cikin garin Sakkwato muke da asibitin yara masu cutar noma, wadda take farawa da ɗan gyambo a dasashi ta ƙare da cinye fuskar yaro, kuma ma'aikatan lafiya suna nanata cewa idan an gan ta da wuri maganinta mai sauƙi ne. Ganin wuri kuwa sai idon da yake duba bakin yaro kullum.

Sai dai ina so in yi gaskiya, domin idan na tsaya a yabo kawai na yaudari masu karatu. Zama a gida daban, reno daban. A unguwanninmu akwai gidaje da yawa da uwa take ciki daga safe har dare ba ta leƙa ko zaure ba, amma 'yarta mai shekara tara tana tasha ko bakin Tsohuwar Kasuwa da farantin talla a kai har bayan isha'i, tana jin maganganun da ko babba bai kamata ya ji ba, ɗanta kuma mai shekara shida an kai shi wani gari da sunan karatu yana bara da roba a hannu. A gidajen masu ɗan hali kuma wata sabuwar cuta ta shigo, inda za ka tarar da uwa a kan kujera idonta a kan WhatsApp ko TikTok, an miƙa wa yaro wata wayar don ya yi shiru, har ya kai shekara huɗu yana kwaikwayon muryar 'yan tsanar talabijin amma bai iya gaishe da kakarsa ba. Duk waɗannan iyaye a gida suke, amma 'ya'yansu ba su same su ba. Don haka abin da nake karewa shi ne uwa ta kasance tare da ɗanta da idonta da kunnenta da hankalinta, ba kawai a ce ƙafarta ba ta taka waje ba.

Idan kuma aka bi diddigin tallan nan, sau da yawa za a tarar da laifin ba na uwar ba ne ita kaɗai. Maigida ya fita da asuba ya bar mata kuɗin da ba zai sayi ko kayan miya ba, ko ma bai bar komai ba, ga baki bakwai suna jiran ta. Ita ba ta fita, to sai ta soya ƙosai ko awara ta ɗora wa yarinya. A nan ne nake son maza su saurare ni da kyau, musamman masu yawan kafa hujja da cewa wurin mace shi ne ɗakinta. Shari'ar da ta ce mace makiyayiya ce a gidan mijinta kuma za a tambaye ta game da kiwonta, ita ce dai ta ɗora wa miji ci da sha da tufafi da muhalli. A Suratuɗ Ɗalaƙ an umarci mutum ya biya matar da ya saka ladan shayar da ɗansa, wato Alƙur'ani da kansa ya lissafa shayarwa a cikin ayyukan da suka cancanci lada na kuɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon yaro idan aure ya mutu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa kuwa tana kan uba. Amma mu nawa ne muka ga matar da ta shekara ashirin tana hidimar gida, rana ɗaya aka miƙa mata takarda, ta fita da kwanoninta da tsohuwar katifa, aka ƙwace yaran aka miƙa wa kishiya, ko aka bar mata su ba tare da ko ƙwayar gero ba? Yarinyar da ta ga an yi wa uwarta haka, kada wanda ya yi mamaki idan ta rantse cewa ita ba za ta taɓa zama ba tare da albashinta ba. Ba boko ne ya koya mata wannan ba, a tsakar gidansu ta koya.

Sannan ga halin da ƙasa take ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, kuma a lokacin da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, buhun shinkafa ɗaya ya kai wannan kuɗi ko ya zarce shi. Gidaje da yawa hannu ɗaya ba ya iya ɗaukar jinkarsu. A gabashin jihar nan kuma, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, 'yan bindiga sun mayar da mata masu yawa zawarawa da marayu a hannu, wasunsu ga su nan cikin gari suna wankau da surfe a gidajen mutane. Wanda zai dubi irin waɗannan bayin Allah ya yi musu wa'azin zaman gida ba tare da ya kawo musu mudun hatsi ba, ya ji tsoron Allah.

Haka nan ba na cikin masu zagin matan da suke fita aiki, don ni ma na fita. Mu ne muke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu a ɗakin haihuwa, to daga ina likita mace da ungozoma za su fito idan kowace mace ta zauna? Wa zai koyar da 'yan matanmu a makarantu? Uwar Muminai Nana Khadija attajira ce mai aika fatake, Nana Zainab bint Jahsh kuma tana aikin jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Abin da nake jin takaicinsa shi ne tsarin da yake tilasta wa mai jego ta zaɓi ɗaya tsakanin jaririnta da abincinta. Dokar ƙwadago ta ƙasa hutun mako 12 ta tanada, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, alhali asibitin gwamnatin ne yake ce wa uwa ta shayar da nono zalla wata shida. Jihar Legas ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, kuma ban ji an ce aikin gwamnati ya tsaya a can saboda haka ba. Ina kira ga duk jihar da ba ta yi ba ta yi, a kuma sa ido a kan makarantu da asibitoci masu zaman kansu, inda wata malamar take komawa aiki tun ba ta gama wankan jego ba don tsoron kada a maye gurbinta.

Akwai wani abu da ya canza wanda ba mu cika lura da shi ba. A gidan da na tashi a cikin tsohon gari, idan uwa ta tafi unguwa ko ta kwanta ciwo, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan baffanni, kowace tana da ikon tsawata wa kowane yaro ta kuma zuba masa tuwo, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Yanzu ma'aurata suna tarewa su biyu a gidan haya a bayan gari, katanga ta fi mutum tsawo, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Idan uwa ta fita da safe, wanda yake maye gurbin duk waɗancan dattawan ita ce 'yar aiki mai shekara goma sha ɗaya da aka ɗauko daga ƙauye. Ina roƙon mu tsaya mu yi tunani a kan wannan yarinya. Ita ma 'yar wata ce, ita ma tana bukatar a rene ta, an raba ta da uwarta da makaranta don ta goyi ɗan wata, sannan idan yaron ya koyi ashar ko ya ƙone da ruwan zafi a rufe ta da duka. Gida biyu ke nan aka raba 'ya'ya da iyaye mata a lokaci guda, kuma na talakan ne ya fi asara.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzurin da za mu ce ba mu san yadda ake haɗa zaman gida da ilimi ba, domin an yi shi a garin nan kusan shekara 200 da suka wuce. Mujaddadi Shehu Usmanu Danfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da suke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kamanta yadda suke riƙe su da yadda ake riƙe kwanon da ake amfani da shi har ya fashe a jefar a juji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce a gidan Waziri Gidado, ta haifi 'ya'ya ta rene su, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru. Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne yadda aka gina shi a kan sanin cewa uwa mai ƙananan yara ba za ta iya barin gida ta yi doguwar tafiya ba. Sai aka naɗa jajis, dattawan mata da ake ba malfa a matsayin alamar muƙami, su jagoranci 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin da suka ƙunshi tauhidi da tsarki da salla da kyawawan ɗabi'u, su koma su koyar da matan da suke cikin gidaje. Wato ba a ce wa uwa ta bar ɗanta ta zo neman ilimi ba, ilimin aka ɗauka aka kai mata har ɗaki. Bayan rasuwar Nana, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To me ya hana mu yin irin wannan a yau, ga rediyo a kowane gida, ga waya a kowane hannu, ga makarantun Islamiyya na matan aure a kusan kowace unguwa? Me zai hana a haɗa karatun addinin da ake yi a can da sanin yadda ake dama kunun gero da gyaɗa da waken soya don yaron da aka fara ba abinci, da alamomin sanƙarau, da karatu da rubutu da ɗan lissafin da uwa za ta iya duba littafin ɗanta da shi? Wannan ne kuma amsata ga masu cewa asara ce a kashe kuɗi yarinya ta yi digiri ta ƙare a ɗaki. Ban taɓa ganin ilimin uwa ya tafi a banza ba. Uwar da ta iya karatu ita ce take karanta takardar magani kafin ta ɗura wa yaro, ita ce take gane cewa ɗanta ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ta je makaranta ta tambayi dalili. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sana'a a cikin gida kuwa gadonmu ce, ba sai an koya mana ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa karɓar albashi ba, amma da man gyaɗa da ɗinkin hula da kiwon jajayen awakin nan namu da adashi ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, kuma ba ta taɓa ɗora wa ɗayanmu talla ba, masu saye ne suke aiko yara har gida. Takan ce mana da harshenta na Sakkwatanci, "Ɗiyan da nika nema ma kuɗɗi, in na bashe su sun lalace, wa za ya ci kuɗɗin?" Idan hukumomi da masu hannu da shuni suna son taimakon iyaye mata da gaske, su ba su jari da injin markaɗe da keken ɗinki, su kuma samar da hanyar da kayan za su kai kasuwa ba a kan 'yar shekara tara ba. Miji kuma ya sani cewa abin da matarsa ta samu nata ne, ba dalilin janye kuɗin cefane ba ne.

Kafin a watse daga walimar nan na ja yarinyar gefe na ce mata, idan an sake tambayarta inda take aiki, ta ɗaga kai ta ce renon mutum uku take yi. Ta yi murmushi ta ce, "To Inna, wa zai karɓi wannan a matsayin aiki, tunda ko a takardar asibiti idan aka zo wurin sana'a cewa suke a rubuta babu?" Ina shirin ba ta amsa sai goyonta ya farka da kuka, ta nemi gefen tabarma ta juya baya ta fara shayar da shi, ni kuma aka kira ni ga motar da za ta mayar da mu gida.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Mabera, Sakkwato.